Direban da Ya Yi Tattaki a Zaune

A wani kamfanin rarraba kaya akwai direban manaja da ake kira Sarkin Hanya. Babu wanda ya naɗa shi, shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta maimaitawa har mutane suka gaji suka karɓa. Tuƙi kam ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauka duk wanda ya iya juya sitiyari ya iya juya komai na duniya. In ana zancen ƙwallo shi ne koci, in ana zancen ciwo shi ne likita, in ruwan sama ya yi jinkiri sai ya ɗaga kai ya harari gajimare kamar zai kira su ya ji ba'asi.

Shekara da shekaru yana zaune a bayan sitiyari, tumbi na matsowa gaba, shi kuma yana matsar da kujera baya, har kujerar ta ƙure. Ranar da kamfani ya kawo wata nas ta duba lafiyar direbobi, ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta sa shi ya hau sikeli.

"Baba, jininka ya hau sosai," in ji ta. "Ga kuma nauyi. A haka ba zan sa hannu ka ci gaba da ɗaukar mutane a mota ba."

"'Yata, na'urarki ce ba ta saba da manyan mutane ba."

"Na'urata lafiyarta lau. Zan dawo ƙarshen wata mai zuwa. Ka rage maiƙo da zaƙi, ka riƙa tattaki da yamma, ka kwanta da wuri. In na dawo babu sauyi, zan ce wa Manaja a karɓi mabuɗi."

Mabuɗin nan kuwa shi ne ransa. Motar kamfani a ƙofar gidansa take kwana, saboda shi ke ɗauko Manaja da safe, kuma duk girman da yake ji da shi a unguwa a jikin mabuɗin yake rataye. Ya ji tsoro na gaske. Amma tsoro ba ya daɗewa a jikin Sarkin Hanya. Kafin ya sauko daga benen ofis ya riga ya juya labarin.

Gidan haya yake zaune, shi da iyalinsa a sama, a ƙasa kuma wani tela da shagonsa, abokin tsokanarsa tun ranar da suka tare. Ya hau sama yana kaɗa mabuɗi a yatsa.

"Maman yara, tara min kowa a falo. Har da Inna."

Matarsa ta fito tana goge hannu, mahaifiyarsa ta lallaɓo da sandarta, yaran suka zauna a ƙasa idonsu na kan talabijin. Ya kashe ta, ya jefa rimot a aljihu.

"An zaɓe ni a ofis in zama abin koyi a harkar lafiya," ya ce. "Cikin direbobi kaf, ni kaɗai aka auna sau biyu."

Matar ta dubi tumbin, ta dubi fuskarsa. "Allah Ya sa alheri ne."

"Alheri ne mana. Kuma na yi nazari, na gano inda gidan nan yake yoyo. Yamma ce. Daga an taso aiki da makaranta har a kwanta, Litinin zuwa Juma'a, ba abin da ake tsinanawa sai kallo da latse-latsen waya da ciye-ciye. Daga gobe an daina. Babu talabijin, babu waya. A ci abinci da wuri, babu mai, babu sukari. A fita tattaki, a dawo a yi aikin hannu mai amfani, a kwanta. Nan da wata guda daga nesa za a riƙa zuwa ɗaukar darasi a gidan nan."

"Har da ni a tattakin?" in ji Inna.

"Ke ce ma kan gaba, Inna. Tsohuwar mota ta fi buƙatar a ɗumama ta."

"Ni ce tsohuwar motar?"

"Misali ne."

"To Allah Ya shirya min kai, sabuwar mota."

Washegari da yamma ya bi kowa da babbar tukunya, aka zuba wayoyi a ciki. Don a ga adalci ya ɗora tasa a sama, ya rufe, ya ajiye tukunyar a kan kabad. Yana cikin yi wa yara lacca kan illar waya sai tukunya ta fara gurnani, murfin yana karkarwa. Inna ta ɗaga kai.

"Ɓera ne. Tun jiya nake jin motsinsa."

Kafin ya buɗe baki ta kai wa tukunyar sanda. Tukunya ta wuntsilo, wayoyi suka watse, kowacce ta tsira sai tasa, wadda gilashinta ya tsage gida-gida. Ta cikin tsagar ya hango kiran Manaja jere reras. Ashe baƙon kamfani ne ya sauka a tasha, yana can tsaye da jakarsa. Ya kira yana rusunawa kamar Manaja na ganinsa.

"Ina ka shiga tun ɗazu?"

"Ranka ya daɗe, ina kan atisaye ne."

"Atisaye? Kai ɗin?"

"Ni ɗin, ranka ya daɗe. Tsari na kafa na musamman, gida guda nake horarwa."

"To madalla. Je ka ɗauko bawan Allahn nan, gobe ka ba ni labari."

Daga ranar aka yi wa doka gyara, wayar maigida ba ta shiga tukunya, saboda aiki.

Sai aka zo kan abinci. Ya shiga kicin ya kwashe sukari da biskit da lemon kwalba da gwangwanayen madara, ya loda a but ɗin mota, wai can ne kaɗai ba mai kaiwa sai mai mabuɗi. Matar ta dafa abin da ya ce, fari fat, sai ganye a gefe. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce wannan shi ne abincin masu tsawon rai. Bai yi nisa ba ya kasa kunne.

"Kun ji? Motar nan tana wata ƙara a baya. Bari in duba."

Motar kuwa a kashe take. Tun daga ranar kullum da yamma sai ta yi ƙara, kullum kuma a baya. Tela yana kan keken ɗinkinsa yana kallon komai ta taga.

"Sarki, an gano ƙarar?"

"Ana kan bincike."

"Na ga alama. Ga ɓurɓushinta nan a gemunka."

"Ƙura ce."

"Lallai ƙurar but ɗinka da daɗi take, har da lasar yatsa."

Tattaki kuwa, ranar farko ya fito da usur a wuya da tawul a kafaɗa, ya jera iyalinsa a ƙofar gida. Ya taka har bakin titi da ƙafarsa, wannan kam an shaida. A nan ya tsaya, ya dubi babura suna giftawa, ya dubi tsawon hanyar. Sai dabara ta faɗo masa.

"Ba zai yiwu in saki mace da yara da tsohuwa a titi babu kariya ba. Duk ayarin kirki yana da motar rakiya. Ku yi gaba, ina bayanku."

Haka aka fara. Inna a gaba da sanda, matar da yara a tsakiya, Sarkin Hanya a baya cikin mota, fitilu na ƙyaftawa, gwiwar hannu a taga, yana ba da umarni. "Maman yara, ɗaga ƙafa. Inna, kama dama. Kai, daina jan takalmi." Wanda ya yi sanyi a danna masa hon. Mutanen unguwa suka fito ƙofar gidajensu suna dariya, wani ya tambaya ko tsohuwar ce ta ci zaɓe.

Dariyar ba ta daɗe ba. Tela, wanda zaman keke ya riƙe wa baya, ya rufe shago wata yamma ya bi su, wai don ya samu abin tsokana. Washegari ya sake bi. Malamar makarantar kusa ta shigo, matan maƙwabta suka shigo, har da wani tsohon ɗan sanda mai ritaya. Motar rakiya kuwa ta yi rana, don babura sun daina kutsawa cikinsu. Su fita bayan la'asar, su bi ta bayan kasuwa, su kai tankin ruwa, su dawo kafin magariba.

Kullum in an dawo sai Sarkin Hanya ya leƙa mitar mota, ya fito yana share goshi da tawul, ya sanar da nisan da aka taka. Kuma har zuciyarsa da kansa yake lissafawa. A ilimin direba, tafiyar da mita ta nuna an yi ta, duk wanda ke cikin ayari kuwa ya yi ta.

"Sarki, kai ma ka gaji ke nan," in ji tela.

"Na fi kowa. Ku ƙafa kawai kuke ɗagawa. Ni ga kuloci, ga birki, ga totur, ga kula da ku."

"Saura tumbin. Shi yaushe zai motsa?"

"Yana motsi daga ciki."

Aikin hannu mai amfani ne ya rage. Famfon banɗaki ya daɗe yana ɗiga, matar ta ce a kira mai gyara. Ya ce mutumin da ya taɓa canza tayar babbar mota shi kaɗai a daji ba zai kira wani saboda famfo ba. Ya ɗauko babbar sifana daga mota, ya kafa ta a wuyan famfon, ya murɗa. Ɗigar ta tsaya. Amma direba bai yarda noti ya ɗauru ba sai ya taka sifana da ƙafa ya sakar mata nauyin jikinsa. Haka aka koya masa a kan taya, haka kuma ya yi. Famfo ya ɓalle tun daga bango, ruwa ya yi tsiri ya daki silin.

Ya toshe da tafin hannu, ruwa ya fito ta gefe. Ya cusa tawul, ya jingina bayansa a kai. Ya ce a kira mai gyara, aka ce wayoyi na tukunya, tasa kuma tana aljihunsa tana shan ruwa. Kafin tsohon ɗan sanda ya gano inda ake kashe ruwan gidan, ruwa ya bi matattakala ya shiga shagon tela. Tela ya hauro riƙe da yadin wata mata yana ɗiga.

"Sarki, na ce a wanke min kaya ne?"

"Bututun gidan nan ne tsoho. Godiya ya kamata ka yi min da na gano shi da wuri."

"Na gode. In ka tashi gano na wuta, ka sanar da ni in kwashe iyalina."

Bayan an gama kwalfe ruwa, matar ta same shi a ɗaki yana shanya waya a gaban fanka. Ta zauna kusa da shi.

"Baban yara, na haɗu da matar abokin aikinka a kasuwa. Ta gaya min yadda kuka yi da nas."

Ya ci gaba da juya waya.

"Tsarinka yana da kyau, wallahi. Inna ta daina kukan gwiwa, yara suna gama aikin makaranta da wuri, ni kaina barci nake mai daɗi. Kai kaɗai ne ba ka shiga ba. Ina tsoron a karɓe motar nan, amma na fi tsoron ka faɗi. Gobe ka ajiye ta ka taka tare da mu, ko zuwa kasuwa ne."

Maganar ta shige shi. Da ya yi shiru a nan da labarin ya ƙare lafiya. Amma bakinsa ya riga shi.

"Maman yara, kin taɓa ganin koci yana bin ƙwallo? Ki bar ni da lissafina."

Ta tashi ta bar shi da lissafinsa.

Abin da ya ƙarasa shi hirar safe ce. Kullum in ya ɗauko Manaja sai ya buɗe labari, labarin kuma kullum ƙara tsawo yake. Ayarin ya zama rabin unguwa, zagayen bayan kasuwa ya zama har bayan gari, shi ne a gaba, matasa na roƙonsa ya rage sauri. Manaja shi ma likitansa ya dame shi da zancen tattaki. Wata safiya ya bugi bayan kujera.

"Ka san me za a yi? Ranar da nas za ta dawo, in an tashi aiki duk ma'aikata za mu zo unguwarku mu bi ka. Ita ma ta gani da idonta, ta auna ka a can. Ka ja mu yadda ka saba."

Saura kaɗan Sarkin Hanya ya taka birki a tsakiyar titi. Mai hankali da sai ya nemi hanyar zamewa. Shi cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, sai dai ku zo da takalma masu ƙarfi, don ni ba na jira."

Da ya yi amfani da kwanakin da suka rage ya ɗan taka, da sauƙi. Shi kuwa kayan sawa ya sa a gaba. Ya sauka wajen tela ya ce a ɗinka masa riga da wandon motsa jiki. Tela ya ɗauko tef.

"Ajiye tef ɗinka. Ka ɗauki tsohon awona ka rage sosai. Tun yaushe nake atisaye, ai na zube."

"Sarki, ni dai a ganina ƙari ya kamata a yi."

"Kai ne mai jikin ko ni?"

"Kai ne. Ni mai zare ne kawai."

"Sannan batun motar rakiya, ba sai baƙi sun ji ba. Sirrin tsari ne."

"Bakina a ɗinke yake. Na Inna ne ban sani ba."

Ranar ta zo. Motar ma'aikata ta sauke mutane a ƙofar gidan, ga Manaja da sabon takalmi, ga akawu da masu gadi, ga nas da jakarta. 'Yan unguwa da suka ji za a yi baƙi suka fito har da waɗanda ba su taɓa tattaki ba. Sarkin Hanya ya sauko daga bene a hankali, ƙafafu a ware, don wandon ya kama shi kamar an naɗe katifa da igiya. Ya yi jawabin maraba, ya gargaɗi baƙi cewa duk wanda ya gaji ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Sannan ya wuce gaban ayari ya tsaya. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau kuma da ƙafa za ka? To wa zai riƙa yi mana hon?"

"Wane hon, Inna?" in ji Manaja.

"Usur take nufi, ranka ya daɗe," ya yi maza ya ce. Ya hura shi da ƙarfi, ya ɗauki hanya kafin ta ƙara wata.

Ya fara da kyau, ba laifi. Ƙirji a gaba, hannu na lilo, ya bar ayari a baya. Da ya zo kwanar kasuwa ya miƙa hannu gefe ya ba da sigina, ya duba madubin da babu, sannan ya karya kwana. Bayan kasuwa ne numfashi ya fara yi masa gardama. Takalmi ya ci masa dunduniya, gumi ya jiƙa riga, usur ɗin da ke bakinsa ya riƙa kuka da kansa duk lokacin da ya fitar da iska. Yana ɗaga kai ya ga hanya ta miƙe tsaye a gabansa, tankin ruwa can sama.

"Yaushe aka yi tudu a nan?" ya tambayi matarsa, wadda ta riga ta kamo shi.

"Kullum yana nan, Baban yara. Giya kake canzawa."

Daga nan aka fara wuce shi. Malamar makaranta ta wuce tana hira, tsohon ɗan sanda ya wuce ya sara masa, yaransa suka wuce kai a sunkuye. Manaja ya iso yana haki, amma yana tafiya.

"Sarki, lafiya? Ka ce ba ka jira."

"Dabara ce, ranka ya daɗe. Jagora yakan koma baya ya duba masu rauni."

Ya waiwaya ya duba. Babu kowa a bayansa sai Inna, ita ma don ta tsaya gaisawa da wata ce. Ta ƙaraso da sandarta a hammata.

"Matsa gefe, ɗana, tsohuwar mota za ta wuce."

Wannan ce ya kasa haɗiyewa. A gaban Manaja, a gaban unguwa, mahaifiyarsa ta wuce shi a tudu? Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya buɗe ƙafa zai yi dogon taku. Wandon ya amsa da ƙarar da aka ji har gaban ayari, ya rabe tun daga baya har gwiwa. Ya kai hannu biyu zai rufe, ƙafa ta zame, ya zauna daɓas a bakin kwata.

Ayari ya dawo ya kewaye shi. Matar ta rufa masa tawul, tana yi masa fifita da gefen mayafi. Nas ta durƙusa ta ba shi ruwa, ta jira numfashinsa ya dawo, sannan ta ɗaura abin awonta, ta duba, ta girgiza kai.

"Baba, da gaske kana wannan tattakin?"

"Kullum. A tambayi kowa, ban taɓa fashi ba."

"Gaskiya ya faɗa, bai taɓa fashi ba," in ji Inna. "Kullum yana bayanmu a mota, da fitilunsa da biskit ɗinsa. Yaron kirki ne, bai taɓa bari babur ya taɓa mu ba."

Dariya ta ɓarke tun daga bakin kwata har ƙofar shaguna. Manaja ya juya baya, amma kafaɗunsa na rawa. Sarkin Hanya ya harari tela.

"Ni ban ce komai ba," in ji tela. "Wandon ma sai da na gaya maka."

Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Wani mai sayar da kankana ya sauke kayansa ya ba da aron baro, aka ɗora Sarkin Hanya, tela ya kama, aka gangaro da shi ta tsakiyar kasuwa ayari na biye. Ko a nan bai haƙura ba.

"Kama hagu, akwai rami. A hankali mana, ba ka iya gangara ba ne?"

"Sarki, in ka ƙara magana zan sakar maka tuƙin."

A ƙofar gida Manaja ya jira mutane suka ɗan ja baya, sannan ya matso ya miƙa hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Kawo mabuɗin. Ba korarka na yi ba. Tsarinka ya yi aiki, ga shaida nan a jikin kowa. Gobe ka koma kai takardu a ofis, tsakanin sama da ƙasa. Ranar da wannan baiwar Allah ta sa hannu, ka zo ka karɓi abinka."

Mabuɗin yana ɗaure a igiyar usur. Ya daɗe yana kwancewa, ba don ƙullin ya yi wuya ba. Wani direba ya shiga motar ya tayar, ya tafi da ita, Sarkin Hanya na kallo har ta sha kwana. Dariyar kasuwa ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Ya hau sama ko abinci bai nema ba.

Washegari ya wuni yana hawa bene da sauka da takardu, ya dawo gida a motar haya, a matse tsakanin mutane. Bayan la'asar ayari ya taru kamar kullum. Ba wanda ya tsokane shi, har tela. Yana zaune a bakin matattakala da tsohon wandonsa, yana kallon filin da motar ke kwana. Da ya ga idanu sun yi kansa sai ya gyara murya.

"To, jama'a, kamar yadda na tsara tun farko, yanzu mun shiga mataki na biyu. Shi ne jagora da kansa ya sauko ya..."

"Baban yara," matar ta katse shi, ta ajiye masa takalmi a gabansa. "Adana numfashin. Akwai tudu."

Ya dubi takalmin, ya dube ta. Ya sa, ya tashi, ya shiga layi a bayan Inna. Ranar ce mutanen unguwa suka fara ganin Sarkin Hanya ya yi tafiya mai nisa haka bakinsa a rufe. Shi ne na ƙarshe da ya kai tankin ruwa, amma da ƙafarsa ya kai.